Guntun Kwalbati

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan. Bayan isha'i na fara jin ƙarar ta bayan katangata, kamar ana buga tasa a cikin rijiya. Ni kuwa tun ina yaro abin da ba a saba ji ba shi ke jana. Na zura takalmi na leƙa.

Maƙwabcina ne a nan Gyadi-Gyadi, Malam Zakariyya, injiniyan gwamnati mai duba hanyoyi da magudanan ruwa. Yana zaune a tabarma yana ƙwanƙwasa guntun kankare da 'yar guduma. Ya rame har agogo na yawo a hannunsa.

"Baba Ilu, kasa kunne," in ji shi. "Kankare mai kyau amsawa yake yi. Wanda aka yi wa rowar siminti shiru yake, kamar mai jin kunya."

Na saurara. Wannan yana amsawa.

Daga kwalbatin da ya rufta da damina wajen Unguwa Uku ya tsinto shi. An gurfanar da shi a kotu, wai shi ya sa hannu aka karɓi aikin banza. Shi kuwa ya ce sau biyu yana rubuta wa na sama a yashe magudanar da shara ta toshe, ba a yashe ba, ruwa ya cinye ƙasar ƙarƙashi. Lauyarsa, Barista Fiddausi, ta roƙi a soke tuhumar. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Ciwon hanta kuwa bai san ɗage zama ba.

Ya taɓa tambayarta ko alƙali zai yarda a buga masa guntun ya ji da kunnensa. Ta ce kotu takarda take ji. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ta tafi ya ce mini ba kurkuku yake tsoro ba, kada dai a wayi gari a ce wa jikokinsa kakansu ya ci siminti.

Saura kwana huɗu a yanke hukunci kan roƙon ya rasu, ranar Talata da hantsi.

Ranar sadakar bakwai Barista ta tsaya bakin zauren gidan mamacin, ta ce an rufe shari'ar tunda wanda ake tuhuma ba ya raye.

Malama Lami, 'yar Filato da ke koyarwa a firamaren layinmu, ta kawo kunu a cikin kula. Ta daɗe tana kallon guntun kankaren, wanda yanzu da shi aka tokare ƙofar.

"To, Baba," ta ce, "an wanke shi ke nan?"

Iska ta turo ƙofar, guntun ya riƙe ta.