Ranar da Gwadabe Ya Yi Aski da Almakashi

Gwadabe wanzami ya shekara arba'in yana yawo da zabira a Gummi, kuma in ka ji shi yana ba da labarin kansa sai ka rantse shi ya yi wa rabin garin askin suna, sauran rabin kuma mahaifinsa ne ya yi musu. Mutum ne mai barkwanci da son abinci, ba a kai masa kwano ya dawo da saura. Gida ɗaya ne kawai bai taɓa sa ko loma a bakinsa ba, gidan Inna Zinariya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya cire wa ɗanta na fari belu ranar suna. Jinin ya tsaya kamar yadda ya saba, ya wanke askarsa ya tafi. Da la'asar aka aiko masa cewa jini ya dawo. Ya yi duk abin da ya gada, jinin ya tsaya, ya sake dawowa, kwana biyu jaririn ya koma. Kamalu aka raɗa masa. Inna Zinariya ta ce kwanansa ne ya ƙare, ba ta canza wanzami ba, shi ya yi wa 'ya'yanta mata biyu da suka biyo baya. Amma shi a ransa ya gama yanke wa kansa hukunci cewa hannunsa ne ya zarce. Tun daga nan duk abin da aka kawo masa a gidan sai ya ce ya ƙoshi, alhali duk Gummi an san Gwadabe ba ya ƙoshi.

To, sai ga Zuhura, babbar 'yar Inna, ta zo haihuwa gida ta sami ɗa namiji. Da safiyar suna Gwadabe ya iso da zabirarsa, ƙanshin masar shinkafa kuma ya cika layin. Tun bai gama sallama ba Rufaida, ƙanwar mai jego, ta tare shi a zaure da takarda a hannu. Ita ce mai aikin awon jini a wani asibiti a Sakkwato, kuma tun tana ƙarama ba ta iya jira a gama gaisuwa.

Ta gaya masa cewa ta ga inda aka yi wa jaririn allura ya kumbura ya yi baƙi, sai ta sa aka auna jininsa, ga sakamako. Kada a cire belu, kada aska ta taɓa shi. Ta faɗa wa dangin uban sun yi mata dariya. Bilyaminu, uban yaron, masunci ne ɗan masunta, kuma danginsa sun ce jini ai na uba ne, su da ƙugiya da ƙayar kifi ke yanka kullum ba wanda ya taɓa zuwa asibiti. Inna ma ta ce ba za a bar mata jika da belu ya hana shi shan nono ba. An dai tsaya a kan cewa abin da wanzami ya faɗa shi za a yi.

Ran Gwadabe ya sosu. Yarinyar da shi ya yi wa askin suna ce za ta koya masa jini? Ya zauna a kan dakali ya ce, “To, malama, hwaɗa mani mi ka cikin jinin da ban sani ba.”

Rufaida ta durƙusa gabansa. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙananan halittu da ake kira furotin, ido ba ya ganinsu, su goma sha wani abu, likitoci sun ba su lamba. Kullum suna yawo kamar masu barci. In aka ji ciwo sai na farko ya farka ya ɗan yanki na gaba da shi, wannan yankan ne ke tashinsa, shi ma ya yanki na gaba.

“Wanzamai na ke nan,” in ji Gwadabe, ya gyara zama.

Ta yi dariya ta ce ƙwarai kuwa. Na tara shi ke yankan na goma, na goma ya tashi babbansu mai suna turombin, shi kuma ya bi wasu dogayen furotin yana datse musu baki. Da an datse sai su riƙa manne wa juna, su zama zare, zaren ya zama raga irin ta su Bilyaminu, na sha uku ya zo ya ƙulla mahaɗar. Ragar nan ce ke kama jini ya daskare.

Sai ta tambaye shi ko ya taɓa cire belu ba mai riƙe masa yaro. Gwadabe ya dube ta kamar ta zage shi. Wane mahaukaci zai kai aska bakin jariri ba tsohuwar da ta tallabe kai?

“To Baba, na takwas shi na mai riƙo. Ba ya da aska, ba ya yankan kowa. Shi ka riƙe na tara da na goma su tsaya daidai. Yaron ga na takwas nai kaɗan na ƙwarai. Askar na nan, mai riƙo na babu.”

Ta ƙara da cewa irin wannan jinin yakan yaudari mutum. Da farko sai ya tsaya, don akwai wasu ƙwayoyi da ke ruga wa su toshe bakin ciwon, amma da yake ragar da za ta ɗaure toshiyar ba ta samu ba, bayan wasu sa'o'i sai ya ɓalle. Kuma abin ta wajen uwa yake bi ya sauka a kan 'ya'ya maza, ba ruwansa da dangin uba.

Gwadabe ya tuna da jinin Kamalu. Ba a haifi yarinyar nan ba ranar da aka aiko masa da la'asar, shi kuma bai taɓa ba kowa labarin ba.

“Kamalu hwa?” ya tambaya a hankali.

“Ina kyautata zaton shi na, Baba. Ƙanen Inna ma haƙori anka cire mashi, jini yaƙ ƙi tsayawa har yar rasu. Ko hannun wa yat taɓa Kamalu, haka za a yi.”

Daɗi Gwadabe ya ji, daɗin da har ya ba shi kunya, ya share ido da bakin rawani yana cewa hayaƙin masa ne. Ya tambaya ko yaron zai rayu, ta ce da yardar Allah har ya tsufa, akwai allurar na takwas ɗin, in lokacin kaciya ya yi a asibiti za a yi bayan an ba shi ita.

Ya shiga tsakar gida inda mata suka cika, dangin Bilyaminu na jira a ga an kunyata 'yar boko. Ya ce belu yana nan inda Allah Ya ajiye shi, kuma duk wanzamin da ya kusanci yaron nan da aska a ƙasar Gummi, da shi Gwadabe zai yi. Sannan ya mayar musu da karatun Rufaida kaf, har da ƙari, ya sa na takwas ya zama wata tsohuwa mai ƙarfin hannu. Bilyaminu da ya ji zancen raga sai ya fara gyaɗa kai, don ya san abin da ragar da ba ƙulli take kamawa.

Saura aski. Gwadabe ya ari ɗan almakashin Rufaida, ya ce Inna Zinariya ta riƙe masa kan jaririn. Mata suka fashe da dariya, wata ta ce yau sarkin aska ya koma tela. Bai kula ba. Ya bi gashin nan sili-sili, harshensa a waje, askin da bai taɓa yin mai muni kamarsa ba, aka rangaɗa guɗa. Sunan da aka raɗa wa yaron Kamalu, sunan kawunsa.

Inna Zinariya ta ji duk abin da ya faɗa, har da wanda bai faɗa ba. Ta miƙa jaririn ga uwarsa, ta shiga ɗaki ta fito da kwanon masa da miyar taushe, ta ajiye a gabansa kamar yadda take yi duk wani biki shekara talatin da ɗaya, ta tsaya tana jiran ya ce ya ƙoshi.

Gwadabe ya wanke hannu, ya yi bisimilla. Da ya cinye ya ɗaga kwanon ya ce, “Zinariya, wagga masa taki, ashe haka take? Ƙaro.”