Maɓallan Baba

Janar bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin tsuntsu. Shekara talatin da biyu ya yi a gidan waya yana buga wa wasiƙu hatimi, kuma babban yaƙin da ya taɓa gwabzawa shi ne da wani ɓera da ya addabi ɗakin ajiya, shi ma ɓeran ne ya yi nasara. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ya jawo masa sunan yana cikin ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Akwatuna ne masu murfin gilashi, cike da maɓallan tsofaffin kakin soja da kawunan bel na tagulla, ga likkafa biyu da ba su san juna ba, ga wani linzami da tsatsa ta cinye rabinsa. Matarsa ta daɗe da sallama masa ɗakin, ta ce gara wannan da yawon majalisa.

Duk abin ya samo asali ne daga gwangwanin madara ɗaya da mahaifinsa ya bari. Yana da shekara shida Baba ya rasu, kuma abin da ya sani game da shi bai wuce hoto guda ba: dogon mutum cikin kakin hafsa, anini uku a kafaɗa, doki a gefensa. A cikin gwangwanin akwai maɓalli arba'in da ɗaya, na runduna bakwai daban-daban, da wani fallen tagulla mai tsawon taƙi guda, da doguwar tsaga a tsakiyarsa, da rami zagayayye a ƙarshen tsagar. Wani zai tsaya ya tambayi yadda soja ɗaya ya yi runduna bakwai. Janar bai ɓata lokacinsa ba, ya yanke cewa jarumtar Baba ce ta sa kowace runduna take roƙon a ara mata shi. Fallen tagullar kuwa ya rubuta masa kati da kyakkyawan rubutunsa na akawu: "Ma'aunin kaurin linzami, na sojan doki." Ba a littafi ya gani ba. Kansa ne ya ba shi, ya kuma yarda da kansa.

To, bana ƙungiyar masu tara kayan tarihi ta ba shi babban teburi a baje kolinta na ranar Asabar, da minti goma na jawabi. Ya sa masa suna "Mahaifina, Kyaftin na Sojan Doki." Mako uku yana gwaji a gaban madubi, har ya sa alama da jan biro a inda muryarsa za ta yi rawa.

Ana jibi taron, yayarsa ta zo ganin likitan ido ta sauka a gidansa. Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta kiransa Janar. Da hantsi ta leƙo ɗakin tana neman wanda zai karanta mata takardar magani, ta tarar ya baje kayan a kan teburi.

"Kai Auta, ashe abin nan yana nan?" Ta miƙa hannu ta ɗauki fallen tagullar.

"Yaya, a hankali! Wannan ma'aunin..."

Bai ƙarasa ba. Ta riga ta jawo tsohuwar rigar kakin da ya rataye a bayan ƙofa, ta cusa maɓallin farko ta ramin, ta zame shi cikin tsagar, ta bi da na biyu da na uku da na huɗu. Suka jeru a kan tagullar, yadin rigar ya ɓuya a ƙarƙashi. Ta huhhura musu iska, ta murza da gefen mayafinta. Ko kallon abin ba ta yi, hannun ne kawai yake aikinsa.

"Ka gani? Don kada man gogewa ya ɓata riga. Ni nake riƙe wa Baba, shi yana gogewa. Riga talatin muke yi kafin azahar."

Janar ya nemi kujera ya zauna. "Riga talatin? Rigunan wa?"

"Na sojoji mana. Wa zai kawo wa mai wankin bariki rigar liman?"

"Mai wanki?"

"Wanki da guga. Maɓallan nan a gindin baho muke tsintarsu. In mai shi bai zo nema ba, sai Baba ya jefa a gwangwani."

Ya ɗauko hoton, ya kai mata har hanci. Ta matsar da shi nesa, ta ƙanƙance ido, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Rigar wani kyaftin ce aka kawo guga! Mai hoto ya shigo bariki, Baba ya ce bari ya ɗana na minti biyar. Dubi hannun rigar, ko wuyan hannunsa bai kai ba."

Janar ya san da wannan hannun riga. A shafi na biyu na jawabinsa ya bayyana cewa haka ake yanka wa sojan doki, don kada ya sarƙe da linzami.

"To dokin fa?"

"Baba da doki? Ba ka ga yadda ya karkace ba? Kiris ya rage ya fice daga hoton."

"Shekara sittin, Yaya, babu wanda ya gaya mini?"

"Ka taɓa tambaya? Kai kullum ba mu labari kake yi. Inna ta ce a ƙyale maraya, in ya girma zai gane. Ga shi ka girma har da furfura."

Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa. Ya tuna mutanen da ya tsare da wannan labari, baƙi da surukai da mai gyaran famfo. Sannan wata muguwar dabara ta zo masa: gobe Yaya za ta koma gida, ba ta karanta jarida, kuma babu mai sanin komai a ƙungiyar, sai ya karanta jawabinsa yadda yake. Ya juya dabarar nan a ransa fiye da yadda zai so a sani.

"Ya iya aikin kuwa?" ya tambaya a hankali.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Daga wasu barikokin ake aiko masa da kaya. Shekara ashirin bai taɓa ƙona riga ba. Hannunsa duk ya tsattsage saboda soda, da daddare Inna take shafa masa mai, da hannun nan ya ciyar da mu bakwai."

Nan ne abin ya soke shi. Ya ƙare rayuwarsa yana alfahari da mutumin da ba a taɓa haifa ba, shi kuwa wanda ya wanke kayan wasu har hannunsa ya tsage, ko sau ɗaya bai tambayi labarinsa ba.

Ya ɗauki waya ya kira sakataren ƙungiya ya ce a canza kan jawabin. Layin ba shi da kyau.

"Mahaifina, mai me?" in ji sakatare.

"Mai wanki da guga."

"Mai banki?"

"Wanki! Wanki da guga!" Sai da ya faɗa sau uku, da ƙarfin da matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu, maƙwabcinsu ma ya buɗe taga.

Ya ajiye wayar, ya share kujera ɗaya da tafin hannu, ya tura wa yayarsa.

"Zauna, Yaya. Ni ko muryarsa ba na tunawa."

Ta zauna, ta daɗe tana kallonsa.

"Irin taka ce," ta ce. "Ɗazu da kake ihu a waya, sai da gabana ya faɗi."