Numfashin Yaya

"Yaya, matso kusa da makirufo, kamar za ki yi masa raɗa," in ji Auta, yana gyara mata kujera.

Ta matsa, tana kallonsa sheƙeƙe. Ƙanin da ta goya ne yau yake koya mata magana. Shekara goma sha biyu ke nan yana ba da labarai a gidan rediyon gwamnati, yanzu kuma ya buɗe nasa shirin a intanet. Labarin da ya fito da shi duniya shi ne jinyar Baba: wai shekara uku ya yi yana juya tsohon a gado, yana ba shi abinci a baki. Ita da ta yi juyin har bayanta ya sage, sau huɗu kacal ta gan shi a gidan, kowane zuwa da hankici a hanci. Da ya gayyace ta shirin, ta amsa ne don abu ɗaya: a ji da bakinta wanda ya yi jinyar.

Jar fitilar ɗaukar sauti ta kama. Nan take muryar Auta ta yi laushi, irin wadda mata ke ajiye wanke-wanke don su saurara.

"Yaya, tuna wa masu sauraro ranar da na ɗaga Baba ɗagawar ƙarshe."

"Wane ɓarin jikinsa ne ya shanye, Auta?"

"Na dama."

"Na hagu ne."

Daga nan ta kwance masa zani a kasuwa. Ta faɗi zanen gadon da take wankewa sau uku a rana, gyambon kwanciya, aikin ɗinkinta da ya mutu, da yadda Baba yake tambayar autansa har ya gaji ya daina. Minti ashirin tana yi. Mai haɗa sauti, can bayan gilashi, ya sunkuyar da kai. Auta kuwa ko gezau, sai gyaɗa kai yake yi yana cewa, "Ci gaba, Yaya."

Da fitilar ta mutu har tafa mata ya yi.

Ta fito baranda da sauƙi a ƙirjinta, ta tsaya neman wayarta a jaka. Ƙofar ɗakin haɗa sauti a buɗe take, sai ga muryar nan mai laushi tana fitowa daga lasifika.

"Na gayyato yayata ta ba ku shaida da bakinta. Amma da na ambaci Baba, kuka ya ci ƙarfinta. Ku dai saurara."

Aka saki wani dogon numfashi mai rawa. Ta gane shi, wanda ta sauke ne da ta kai ƙarshen maganarta. Shi kaɗai suka bari.

"Ya yi gajere," in ji Auta. "Sa shi sau biyu."