Hular Kwanon Wiley Tatum

Duk Asabar da ta biyo bayan an ci mu a ƙwallon Amurka, gahawa ninki biyu nake dafawa, don na san mazan Pinewell ba za su bar min shago ba sai rana ta take. Na daɗe ina sayar da abinci a bakin titin makarantar sakandare, kuma ban taɓa ganin gwanayen wasa a kan kujera irinsu ba. Wanda ko kwata ba zai iya tsallakewa ba, shi ne zai koya maka gudu. Ni yaran makarantar masu buga wasan na fi so. Kowace Juma'ar wasa sukan zo min da sassafe sanye da rigunansu masu lamba, in cika musu faranti da fanke da ƙwai kyauta kafin su wuce aji. Tun zamanin iyayensu haka ake yi.

Asabar ɗin da nake ba ku labari ba wanda ya shigo da dariya. Daren Juma'a yaranmu suka kara da na garin Cotter, wasan da in mun ci za mu shiga gasar jiha. Ana dab da tashi suna gabanmu da 'yan maki kaɗan, amma ƙwallo tana hannunmu, layin ci kuma ga shi nan kusa. Wiley Tatum, mai jefa mana ƙwallo, ya ja da baya zai jefa, sai wani ƙato daga cikinsu ya taho a guje ya sa masa kai a kai. Ƙarar hulunan kwanon da suke sawa har saman benci inda nake na ji ta. Alƙalin wasa yana tsaye a wurin, ƙyallensa rawaya na soke a ƙugu, bai jefa shi ba balle a ce an yi laifi. Wiley ya miƙe, ya ɗan yi tangaɗi, ya ɗaga hannu wai lafiya lau yake. Koci Purifoy ya kira shi gefe, ya leƙa idonsa, ya yi masa magana, sannan ya zare masa hular ya maƙale ta a hammata. Wanda ba shi da hula kuwa ba ya shiga fili. Aka tura wani sabon yaro, ya jefa ƙwallo hannun mutanen Cotter, aka tashi.

Kafin gari ya waye an kafa wa Koci alluna a ƙofar gida masu cewa gidan nan na sayarwa ne. Haka muke sallamar koci a garin nan, kuma ni dai kunyar abin nake ji.

"Ni alƙalin nan nake kuka da shi," in ji tsoho Hoyt. Shi ke riƙe sarƙar awon nisan da ƙwallo ta ci a gefen fili, don haka komai a gabansa aka yi. "Da ya jefa ƙyallen nan, da an kori ƙaton, an matsar mana da ƙwallo har bakin layi. Ko kakata aka sa sai ta ƙarasa da ita. Mutum da idanu biyu da tabarau, wai bai gani ba!"

"Ka rabu da alƙali, Hoyt," in ji Roscoe Tatum, uban Wiley. "Alƙali baƙo ne, ya busa usur ɗinsa ya koma garinsu. Wanda ya yanka mu yana cikin gida."

Roscoe yana cikin kwamitin makaranta, Hoyt ma haka. Ranar Litinin za su zauna, kuma kowa a shagon ya san Roscoe ya riga ya samu rabin kwamitin. In Hoyt ya bi shi, Koci ya bar aiki ke nan, bayan ya tsufa a filin nan. Ban ce Roscoe mugu ba ne. Mutanen wata jami'a sun zo takanas don su ga wasan ɗansa ko za su ɗauke shi, suka gan shi a gefe yana roƙon a ba shi hularsa, suka tafi ko sallama babu. Mutumin zuciyarsa ce ke ƙuna.

"Yaro ya tashi da ƙafarsa," in ji Roscoe, yana dukan tebur har cokula suna tsalle. "Ya ce lafiya yake. A zamaninmu sau nawa aka buga mu muka ga taurari? A shaƙa maka wani abu a hanci ka koma. Mun mutu?"

"Ba ku mutu ba," na ce, ina zuba masa gahawa, "amma kai dai kullum sai ka manta inda ka ajiye mota. Ka daina dukar min tebur."

Ba wanda ya yi dariya, don daidai nan ƙofa ta buɗe Koci ya shigo. Ya cire hula, ya gaishe ni, ya zauna a kujerarsa ta lungu kamar kullum. Idanunsa sun yi ja, da gani bai runtsa ba.

"Koci," in ji Roscoe, ko juyowa bai yi ba, "gaya wa mutane abin da ka gani wanda mu duka ba mu gani ba."

"Na tambaye shi da wa muke wasa, ya ce Cotter," in ji Koci a hankali. "Na tambaye shi nawa da nawa ake. Sai ya yi min murmushi kawai. Wiley ba ya manta maki, Roscoe. Na ce maka a kai shi asibiti tun jiya."

"Murmushi! Saboda murmushi ka zubar da shekara guda, ka zubar da gaban yarona? Ya ci abinci, ya kwanta, yanzu haka barci yake sha. Asibitin me?"

"In aka sake buga kan nan a daren, ban san abin da zan mayar maka gida ba."

"Tsoro ne ya kama ka, tsufa ya zo. Ka faɗi gaskiya." Roscoe ya juya wajen Hoyt. "To, ka ji da kunnenka. Litinin kana tare da ni ko kuwa?"

Hoyt ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Na san shi, mutum ne da ba ya son rigima, kuma na ga alamar zai ce to. Raina ya ɓaci har na ajiye butar gahawa da ƙarfi.

Sai ƙofa ta sake buɗewa. Wiley ne, ya yi wanka ya taje kai, yana sanye da rigarsa mai lamba.

"Ina kwana, Mis Opal," ya ce min da fara'arsa. "Yau ni na riga kowa? Ina sauran ragwayen?" Ya hau kujerar gaban kanta ya ja faranti. "A cika min da fanke. Koci, yau fa sai mun ga bayan Cotter. Baba, mutanen jami'ar nan sun ce yau ɗin za su zo ko?"

Na ji fanke yana ƙonewa a bayana, na kasa juyawa.

Koci ne ya taso, ya dafa kafaɗarsa. "Wiley, yau wace rana ce?"

"Juma'a mana, yallaɓai." Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana raguwa. "Ba Juma'a ba ce?"

"Asabar ce, ɗana. An yi wasan jiya."

Ya dubi rigarsa. Ya daɗe yana kallon lambar. "Mun ci?"

"Ba mu ci ba."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Na sa masa fanken a gaba don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ya ɗauki cokali, ya kai loma ɗaya, ya runtse ido saboda hasken taga. Can ya ɗago ya dubi ubansa.

"Baba, an ce an yi wasan? Mun ci?"

Na sha ganin Roscoe Tatum cikin fushi, amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ni kam hawaye ne suka zubo min, ban kuma ɓoye su ba. Roscoe ya tashi, ƙaton mutum, ya kama ɗansa a hankali kamar yadda ake kama mai koyon tafiya.

"Taso, Wiley. Mu je likita ya duba ka."

"Ban gama cin abinci ba."

"Mis Opal za ta ajiye maka."

Sun kai bakin ƙofa Hoyt ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Roscoe, zancen Litinin fa?"

Roscoe bai ko dube shi ba. Sai ya juya wajen Koci.

"Hular tana ina?"

"Tana cikin motata," in ji Koci. "In ɗauko maka?"

"Bar ta a wurinka. Ko ni na zo da kaina na roƙe ka, Koci, kada ka ba ni ita."

Suka fita. Hoyt ya ɗauki makullin motarsa ya ce min zai bi ta ƙofar gidan Koci, allunan nan zai kwashe. Ta taga na hango Roscoe yana ɗaura wa ɗansa bel ɗin kujerar mota da hannunsa, yaron ya juyo yana tambayarsa wani abu. Ban ji ba, amma na san tambayar.