Hannun da Ba a Rufe Ba

Mai aski yana tsakiyar gyara wa direba ƙeya sai ya ji labarin kansa a talabijin ɗin shagonsa.

Masu fim ɗin sun yi masa alkawari a asibitin da yake karɓar magani: za su duhunta fuska, su sauya murya. Ba labarin ƙirƙira ba ne, in ji su, so suke mutane su ga yadda ƙanjamau ke cin gidaje. Sun cika alkawari. Baƙar inuwa ce kawai a kan kujera, ana jin shi yana faɗin yadda ya binne matarsa.

Amma ba su rufe hannu ba. Hannun yana kan gwiwa, yatsu biyu suna buɗewa suna rufewa, kamar almakashi. Bai taɓa sanin yana yin haka ba.

In aka gane shi, babu mai sake miƙa masa kai. Ko ƙanensa ba zai yarda reza ta taɓa shi ba.

"Allah sarki," in ji direba. "Ka ji bawan Allah."

Mahauci, da ke jiran layi a kan benci, ya matso yana ƙanƙance ido.

"Kai, ku tsaya. Hannun nan na san shi."

"Kai da ka san ƙafar saniya kawai?" in ji direba.

"Wallahi na san shi. Dubi yatsun. Mai riƙe almakashi ne."

Injin askin yana ta kuka a iska, bai taɓa gashi ba. Mai aski ya cusa ɗaya hannun a aljihu.

Mahauci ya buga cinya.

"Tela! Telan tsallaken titi! Ba ku ga yadda ya zube ba?"

"Ciwon suga gare shi, malam," in ji direba.

"Haka suke cewa. Maigida, kai kake masa aski. Shi ne ko ba shi ba?"

Mai aski ya duba ta taga. Ga tela can a bakin keken ɗinkinsa, da zare a baki. Da suka haɗa ido, tela ya ɗaga masa hannu.

"Ban gani sosai ba," in ji mai aski.

"To, ka ji," in ji mahauci. Ya miƙe. "Bari in je in karɓo yadina daga wajensa."