Kwamfutar da Ba a Sallama Ba

Duk unguwar Sheshe an san Kulu mai turaren wuta da hali ɗaya: ba a sayar mata da kaya a bar hannu a ciki. A rumfar mahaifinta ta Kasuwar Kurmi ta tashi, inda ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya buɗe baki ya ce "na sallama". Da ya faɗa, shi ke nan, ba shi ba kayan. Da wannan ma'aunin Kulu take auna duniya, har abin da babu ruwanta a ciki.

To, ga 'yarta tilo, Firdausi, gobe za ta tafi Zariya karatun jinya. Kulu ta saya mata kwamfuta ta hannu, tsaf da ita, sai dai batirin ya mutu, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Don haka ta yafa mayafi, ta tasa 'yar a gaba, suka nufi Gwale, shagon Nazeer ɗan yayanta, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa.

Suna isa ta aiki Firdausi sayo ruwa, ta rage murya.

"Idan ka gama, ka sa mini abin nan da ake ganin inda mutum yake. Kada ta sani."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Yarinyar ba ta taɓa kwana a wajen ganuwa ba. Nazeer ya sosa ƙeya ya ce to.

Firdausi ta dawo ta tarar an sa sabon batir. Aka kunna. Kwamfuta ta fito da wani rubutu, ta ƙi caji ƙememe.

"Me take cewa?" in ji Kulu.

"Gwaggo, cewa take ba ta san wannan batirin ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya dasa mata umarni, in ba nasu ba ne kada ta karɓa."

"Ya dasa a ina?"

Nazeer ya kwance bayan kwamfutar, ya nuna mata wani baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce nan ne take karanta umarninta tun kafin ta gama farkawa. Da yake bakinsa ba ya riƙe magana, sai ya ƙara da cewa akwai ma wani ɗan mai gadi a ciki, wanda aka tanadar wa manyan ofisoshi, in an saita shi daga nesa ana iya leƙa ta ko a kulle ta.

Ran Kulu ya ɓaci, ɓaci na gaske.

"Wato na saya, shi kuma ya riƙe makulli? Wani ƙato a wata uwa duniya, bai san ƙofar gidana ba, shi zai faɗa mini batirin da zan sa? Ashe bai sallama ba! Cire shi."

"Ana cirewa, Gwaggo. Filashin za a yi mata, a sauya umarnin. Amma in aka samu kuskure tana iya mutuwa murus."

"Umma, a bar ta haka," in ji Firdausi. "Zan riƙa jona ta a wuta."

"Wace wutar? Kuma ni ba na kyautar abin da ba nawa ba ne gaba ɗaya. Nazeer, yi aikinka."

Ya maƙala wa baƙin abin wani ɗan matsi mai kama da na shanya, ya haɗa wayar matsin da tasa kwamfutar. Ya fara kwafe tsohon umarnin ya ajiye, sannan ya goge jerin batiran da aka amince da su, ya kashe mai gadin, ya zuba sabon. Kulu na zaune a benci ta kafa masa ido kamar mai jiran a yi mata awon gero.

Aka danna. Fanka ta yi ƙugi, sikirin baƙi ƙirin. Aka sake. Shiru.

Firdausi ta fashe da kuka. Kulu kuwa ta san ba ta da halin sayen wata kafin gobe, kuma taurin kanta ne ya jawo. Nazeer ya share gumi ya ce yana da tsohon a ajiye, in ta yarda ya mayar, kwamfuta za ta tashi yadda take, da mai gadinta da komai.

Saura ƙiris ta ce masa to. Sai ta tuna wancan da bai san ta ba, yana can yana mulki a cikin kayanta. Ta gyara mayafi.

"Ba za a mayar ba. Gara ta mutu tana tawa. Sake."

Nazeer ya duƙa ya duba, ashe matsin ne ya ɗan goce, rubutun bai zauna daidai ba. Ya daidaita shi, ya yi bismilla, ya sake zubawa. Da aka danna, sikirin ya haska, 'yar fitilar caji ta kama. Bayan ɗan lokaci Nazeer ya zare wayar wuta, kwamfuta ta ci gaba da aikinta ko gezau.

Kulu ta saki guɗa a tsakiyar shagon maza, har mai faci na maƙwabta ya leƙo.

"Tunda ya ƙi sallamawa da bakinsa, mun sallama masa!"

Firdausi ta ɗauki kwamfutar ta fita bakin ƙofa tana dariya, hawaye bai bushe mata ba. Nazeer ya matso kusa da gwaggonsa.

"Saura naki, Gwaggo. Abin ganin inda take. In sa yanzu?"

 Kulu ta dubi matsin da ke kan tebur, ta dubi bayan 'yarta. Kunya ta rufe ta, tsoron kuma yana nan daram, bai je ko'ina ba. Gobe yarinyar za ta kwana a garin da ba ta san kowa ba, ita kuma ba za ta san a wane ɗaki ba.

"Bar shi," ta ce.

Ta kira Firdausi, ta karɓi kwamfutar, ta sake miƙa mata da hannu biyu a gaban Nazeer, yadda ta ga ana yi a rumfar mahaifinta.

"Ga ta, halak malak. Babu hannun kowa a ciki, har nawa. Na sallama."