Shingen Rijiyar Manu

A shekarar 1977 aka kawo sababbin na'urori hasumiyar filin jirgin sama na Kano, inda Cindo yake aikin yi wa matuƙa jagora ta rediyo. Da can sai matuƙi ya faɗi inda yake, Cindo ya yarda da shi. Yanzu an ce za a riƙa ganin jirgi a kan allon gilashi tun yana nesa, har an zaɓi waɗanda za a tura ƙasar waje su koyi aikin. Cindo yana cikinsu.

Kafin tafiya shugabansa ya kira shi, ya ce akwai wata na'ura da za a kafa can arewa, wadda za ta riƙa nuna wa jiragen da ke shigowa ta Damagaram hanya. Tunda shi ɗan yankin ne, kuma yana jin Fillanci, shi zai raka injiniyoyin kamfanin da zai kafa ta. Cindo bai san wurin da aka zaɓa ba sai da mota ta tsaya a gindin wani gawo tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, a bakin rijiyar wansa Manu.

Manu ya haƙa rijiyar nan ne bayan farin da ya kashe masa fiye da rabin garke. Ya saki guga, ya zo ya tsaya yana kallon masu awo suna kafa turaku. Cindo ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani cewa za a zagaye tudun da ke wurin da waya, rijiyar za ta faɗa ciki, amma za a haƙa masa wata a gaba.

Manu ya ce, "Kai ka kawo su?"

"Hamma, turo ni aka yi."

"To, ka kawo su ke nan."

Ya juya ya koma wajen gugansa. A ruga, Asama'u matar Manu ta kawo wa baƙi nono, ta ajiye wa kowa ludayi ban da Cindo.

Cindo ya roƙi babban injiniya a matsar da shingen gabas kaɗan. Mutumin ya ce tudun suke so, in kuma Cindo ba zai iya ba, akwai masu jiran gurbinsa na karatu. Cindo ya bar maganar, leburori kuwa suka kai wa Manu labarin yadda aka yi.

Sabuwar rijiyar ta fito da ruwan zartsi, shanu suka shinshina suka juya. Da rani ya yi tsanani, Manu ya ɗauki gatari da rana tsaka ya datse wayar, ya shigar da garkensa ya shayar. 'Yan sanda suka tafi da shi Gumel. Cindo ya taso daga Kano don ya tsaya masa, amma Manu ya gaya wa alƙali ba shi da ƙane a Kano, gara a mai da shi ɗakin tsaro. Sai da bappansu ya zo daga Gagarawa aka sake shi.

A tashar mota Cindo ya sha gaban Manu, ransa a ɓace. Ya ce jirgi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan alhazai, in na'urar ta mutu jirgi ya ɓata hanya, wa zai ɗauki alhakinsu?

Manu ya ce, "Na sama kake wa kiwo, je ka yi. Nawa a ƙasa suke, ƙishirwa suke ji."

Cindo ya ce, "Shi ya sa za ka mutu kana bin wutsiyar saniya, ba ka san me duniya take ciki ba."

Manu ya ɗaga sanda, 'yan kamasho suka riƙe shi. Bappan ya dubi Cindo ya ce ya shiga motarsa ya tafi, ya isa haka.

Cindo ya tafi karatunsa. Kafin damina Manu ya kora shanunsa ya ƙetara iyaka, ya sauka a ƙasar Damagaram. Da Cindo ya dawo aka ɗora shi a kan koyar da sababbin ma'aikata, ya kuwa iya aikin, sai dai ɗalibansa suna cewa yana da zafin rai.

Wata Alhamis ya je kasuwar Maigatari, don an ce Manu yakan kawo dabba. Ya same shi a kara, wajen sayar da shanu, yana cinikin bijimi, ya yi sallama. Manu ya juya wajen dillali ya ce a gaya wa mutumin nan mai wando ya matsa, ya tare wa masu saye hanya. Cindo ya matsa, ya tsaya a rana har aka kira azahar. Da ya fito daga masallaci an riga an loda bijimin a babbar mota, Manu kuma ya bi hanyar iyaka.